Kafin Gamba Ta Bushe

Tun da na dawo daga rangadin nan na kudu ba ku bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce, "Sale, ina girarka ta tafi?" Wancan ya ce wai ya ji mu da ake biya don mu hana ƙona daji, mu ne muka koma muna ƙona shi. Na gaji da ba da labarin gutsi-gutsi a bakin tebur. Ku gyara zama in ɗauko muku shi daga tushe, wanda kuma ya katse ni, wallahi na fasa.

Kun dai san ni, direba ne a ofishin gandun daji, haifaffen birnin Katsina, ban taɓa riƙe fartanya ba. Wanda na ɗauka shi ne Malam Isiyaku, jami'in daji, wanda ya yi karatun itatuwa da ciyawa, mutumin da sai ka yi masa magana goma kafin ya mayar maka da ɗaya. Sai da muka wuce Dutsin-Ma, ina ta zagin masu tifa da suka cika sabuwar kwalta da tsakuwa, sannan ya buɗe baki ya gaya mini abin da ya fito da mu.

Ya ce a da doka ita ce kada kowa ya sa wa daji wuta, ko yaushe. Sai masu bincike suka lura ciyawar da aka hana ƙonawa taruwa take yi ta bushe ƙayau, ranar da wuta ta same ta a tsakiyar rani kuwa ba mai iya tsayawa gabanta. Shi ne aka fito da sabon tsari. Da zarar ruwa ya ɗauke, ciyawa tana da sauran ɗanye a jikinta, sai a share layi kewaye da gidaje da rumbuna, a sa wuta a bayan layin da yamma in iska ta kwanta. Irin wannan wutar rarrafe take yi, raɓa ta kashe ta. In babbar ta zo daga baya sai ta tarar an cinye mata abinci. Sharaɗi ɗaya ne, ba a sa wa mutane wuta a ƙasarsu sai sun yarda da bakinsu, sun kunna da hannunsu.

Na ce, "To Malam, saurin me muke yi haka, ko karin kumallo ba ka bari na yi ba?"

Ya ce akwai wani ƙauyen Maguzawa can gaba da Sabuwa, ana ce masa Gidan Nomau. Bara, suna fitowa daga wahalar fari, wuta ta taso daga daji ta cinye musu yawancin rumbunansu. Ya je bayan abin ya faru, ya ga mata suna tankaɗe toka suna tsince ƙwayar dawa. Bana Allah ya ba su amfani mai kyau, ya kuwa yi musu alkawarin zai zo kafin gamba ta bushe. In ta bushe, maganin ya zama cuta, ba a isa a kusance ta da wuta ba. Ya ce in suka sake rasa hatsin bana, gidan watsewa zai yi.

A Kankara muka fara yada zango. Aka sauke mu a zauren baƙi na gidan dagaci, aka kawo tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa wadda har yanzu nake tunawa. Abin da ba a gaya mana ba shi ne zauren yana da masu shi. Kuɗin cizon Kankara ba su san ma'aikacin gwamnati ba, na tashi jikina duk rudu-rudu.

Da hantsi aka tara mutane a gindin durumi, Malam Isiyaku ya yi bayani tiryan-tiryan. Yana gamawa wani tsoho ya ɗaga sanda.

"Malam, tsaya. Ba ku ne bara kuka kama ɗana don ya ƙona bayan gonarshi ba?"

"Mu ne, Baba."

"Bana kuma ku ne kuka ce mu ƙona?"

"Mu ne."

Tsohon ya dubi jama'a ya ce, "To mu dai a kai kasuwa."

Wuri ya ɗauki dariya. Ashe su a ganinsu tarko muka zo ɗanawa, su kunna mu kama. Raina ya ɓaci, na buɗe baki zan yi magana, Malam Isiyaku ya taka mini ƙafa. Ya ce wa tsohon gaskiya gare shi, wanda aka kama jiya ba zai yarda da mai kamun yau ba, kuma dokar da ce ta gaza, shi ya sa aka sake ta. Daga nan ya je bakin gona ya kama karan gamba ya lanƙwasa. Ƙas, ya karye. Ya ce ko sun yarda ma, Kankara lokaci ya wuce, bana sai dai a yi sharar layi da hannu, a faɗaɗa shi. Muna komawa mota ya ce mini kudu ta fi laima, ciyawar can tana jinkirin bushewa, amma ba za ta jira mu ba.

Kamar ya yi mana baki. Muna shiga Yankara ran kasuwa, bel ɗin fanka ya tsinke, jif ɗinmu ta fara tafasa a tsakiyar masu rake. Na nemi makanike, aka ce ya rufe shago ya tafi Kaduna, can ake kwasar kuɗi yanzu. Ko'ina ka juya a kasuwar nan sabon babur ne da rediyo, amma bel ɗaya ya gagara. Sai da muka ba wani direban lori sautu daga Funtua. Muka zauna zaman jira, ni ina shan rake ina cin wainar wata Hajiya da ta ce ba ta taɓa ganin ɗan birni mai ci kamar ni ba, shi kuwa Malam Isiyaku ko zama ya kasa. Sai ya bi bakin hanya yana lanƙwasa ciyawa, har yaran kasuwa suka fara tambayata ko lafiyarsa ƙalau.

A Tafoki, ƙasar Faskari, aka fara karɓar maganarmu. Ciyawa tana lanƙwasuwa ba ta karyewa, mai garin kuma mutum ne mai saurin fahimta. Matsalar daga wajen masu yankan shuci ta fito. Suka ce in an ƙone ciyawa tun yanzu, da me za a yi jinka da zana? Malam Isiyaku bai yi musu ba. Ya ce su nuna inda shucinsu yake a kewaye shi da layi, shi ma dukiya ne kamar rumbu. Fulanin da ke masheƙari da shanunsu kusa da garin su ma suka yi murna, don sun san bayan irin wannan wuta sabon toho ke fitowa.

A nan girar tawa ta tafi, tunda ita kuke son ji. Da la'asar sakaliya mai gari ya kunna, wuta ta kama tana tafiya a hankali, tana ci tana tsayawa. Ni kuwa da na saba da risho, sai na ga abin ba ya sauri, ga Sabuwa na jiranmu. Na zagaya bayan mota na tsiyayo fetur a gwangwani, na watsa. Jama'a, ban san lokacin da na tsinci kaina zaune a cikin kunyar gyaɗa ba. Gira ta tafi, gashin baki ya tafi, hulata sabuwa fil ta zama tarihi. Allah ya taimaka mutane na riƙe da ɗanyen ganye suka bubbuge gefen da ya tashi. Malam Isiyaku ya zo ya duba idona, ya ga ina gani, sannan ya ce, "Sale, wutar da ba ta sauri ita muka zo koyarwa." Matan Tafoki suka shafa mini man kaɗe suna ƙunshe dariya, ni ma daga baya na taya su.

Daga Funtua zuwa Dandume hanya da dama-dama. Daga nan zuwa Sabuwa kuwa, wanda ya kira ta hanya Allah ya yafe masa. Rami, yashi, saiwar itace, ga daji ya rufe ta ko'ina, ciyawa ta fi motar tsawo. Muka kafe a wani rafi sai da masu ɗaukar auduga suka turo mu. A Sabuwa muka kwana a ajin wata sabuwar firamare da ba a gama rufinta ba, hedimasta ya aiko mana da dafaffen dankali da ƙuli-ƙuli. Da gari ya waye muka bi sawun shanu zuwa Gidan Nomau.

Ni da na taso ina jin ana faɗin Maguzawa kamar wasu mutanen wata duniya, sai na tarar Hausarsu ta fi tawa tsabta. Gida ne babba, ɗakuna a warwatse, rumbuna jere a bayan gida cike har baki, wasu na maza, wasu na mata. A wurinsu mace tana da gonarta da rumbunta, tana kuma tsayawa gaban maza ta faɗi abin da ke ranta ba lulluɓi ba sunkuyar da kai. Na tuna uwar 'ya'yana da ko muryarta maƙwabci bai sani ba, na ce ikon Allah, ƙasa ɗaya. Aka miƙo mini ƙwaryar burkutu don girmamawa, na ce na gode, ba su ji haushi ba. Suka kama zakara suka ba ni wuƙa na yanka da kaina don mu iya ci, suka share mana wuri mai tsabta na salla.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ban ga majiya ƙarfi ba. Tsofaffi ne, da mata, da ƙananan yara. Samari duk sun bi aikin gini birni. Ga gamba ta taso tun daga daji har tana shafar gindin rumbuna, ta yi ruwan ɗorawa a sama, ƙasanta kawai ke da sauran kore.

Mai gidan, Baba Nomau, dogon tsoho ne mai farin gemu, da 'yar jakar fata rataye a wuyansa. Ya tarbi Malam Isiyaku hannu biyu, ya ce, "Ka cika alkawari, ɗan nan." Ya saurari bayanin duka, yana gyaɗa kai. Ya ce maganar ta shiga, don shi ma ya san wutar farkon kaka ba ta da haƙora. Sai ya ce amma ba za a yi ba.

Ashe shi ne Sarkin Dawa na yankin. A al'adarsu daji a rufe yake daga faɗuwar ruwa har tsakiyar rani, ba farauta, ba sa wuta, sai ranar buɗar dawa. Ranar shi zai shiga gaba, ya yi abin da kakanninsa suke yi, ya ƙyasta wutar farko da ƙyastun da ke cikin jakar nan, sannan kowa ya shiga. Sarkin Dawan da ya ƙyasta kafin lokaci kuwa, hannunsa ya ɓaci, ba zai sake buɗe dawa ba har ya mutu. In wani nasa ne ya kunna da saninsa, duk ɗaya ne.

Malam Isiyaku ya ce to a sare ciyawar da hannu, a yi fili mai faɗi. Matar Baba Nomau, Inna Kande, wata gajeruwar tsohuwa mai kaifin murya, ta buɗe tafin hannunta ta nuna masa. Ta ce, "Da wane hannun? Layi dai siriri za mu iya sharewa. Wanga daji ko samarinmu na nan sai sun yi da gaske."

Baba Nomau ya ja mu zuwa wani rafi a bayan gonakinsu, ya ce daga tsallaken nan ƙasar Birnin Gwari ce. Iyakar ke nan, ba shinge ba ɗan sanda, ruwan ko idon sawu bai kai ba. Ya ce maharban can ba su san buɗar dawarsa ba, da iskar gabas ta yi ƙarfi suke sa wuta, ta tsallako. Malam Isiyaku ya ce shi ma ikonsa a bakin ruwan nan ya tsaya, sai dai ya kai maganar sama a haɗa ofisoshin biyu, wannan kuwa ba aikin bana ba ne. Ya lanƙwasa karan gamba. Bai karye ba, amma ya yi ƙara. Ya dube ni, na gane abin da yake nufi.

Nan dabarar 'yan birni ta motsa mini. Na ja tsohon gefe na ce, "Baba, abin ai mai sauƙi ne. Ni baƙo ne, ban san al'adarku ba. Kai ka tafi gaida wani a ƙauyen gaba, ni kuma in tsaya bayan rumbu in sha taba, guntun ya faɗi. Wa zai ce da saninka?"

Ya daɗe yana kallon fuskata, inda gira take a da. Ya ce, "Direba, na ga alama kai da wuta kun san juna." Sai ya daina murmushi. "Ka yi don alheri, na gode. Amma dawa ba yarinya ba ce da zan yi mata wayo. Ni na sani, ita ma ta sani."

Malam Isiyaku ma da ya ji, ya ce ko tsohon ya yarda shi ba zai yarda ba. Wutar da aka sa a ɓoye ba tsari ba ce, baɗi ba wanda zai maimaita ta. Na ji kunya, na kuma ji haushinsu su biyun. Ga hatsi, ga ciyawa, ga ashana a aljihuna, mutum biyu masu hankali sun tsaya suna kallon juna.

Muna komawa gida Inna Kande ta tare mu. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya gaban mijinta ta ce, "Sarkin Dawa, ni ban ce ka yi ba, ban ce ka bari ba. Bara ni na tankaɗe toka na dama wa jikokinka. Bana in ta zo, ba ni da ƙarfin sakewa. Zan kwashe su in bi uwayensu birni, kai ka zauna da dawarka." Ta juya ta koma bakin murhu.

Tsohon ya ba mu baya. Ya shiga cikin gambar shi kaɗai har muka daina ganin kansa. Muka yi azahar, muka ci zakaran nan ba wanda ya ji daɗinsa. Malam Isiyaku ya ce mini in haɗa kaya, ba a tilasta wa mutum a kan abin da yake bauta wa. Wallahi tausayi ya kama ni, na rasa na wa ya fi, na tsohon ko na yaran da ke wasa a gindin rumbu ba su san komai ba.

Rana ta karkata sai ga tsohon ya fito, ƙaiƙayin ciyawa duk a gemunsa. Ya ce, "Kande, ku ɗauko tsintsiya da fartanya. Malam, nuna musu inda layin zai bi."

Mata da tsofaffi suka share layi kewaye da rumbuna da gidan, har da ni, ranar na fara riƙe fartanya. Aka yanko ɗanyen ganye kowa ya riƙe. Malam Isiyaku ya watsa ƙasa sama ya ga iska ta kwanta, sannan ya tambaya kamar yadda tsari ya ce, "Baba, ka yarda a sa?"

Ya ce, "Na yarda. Ni zan sa."

Na miƙa masa ashana, ya ture hannuna. Ya kwance jakar wuyansa ya fito da ƙyastu da ƙanƙarar dutse da 'yar audugar rimi. Ya durƙusa ya yi magana ƙasa-ƙasa da wanda ban gani ba, ya ƙyasta. Tsofaffin da ke wurin duk suka kau da kai. Wutar ta kama ta bi gindin ciyawa tana rarrafe, tana nisa da rumbuna, hayaƙi fari yana tashi. Inda ta so ƙetare layi mata suka bubbuge ta. Kafin magariba ta ci fili mai faɗi har bakin rafi, sanyin yamma ya sauko ta mutu da kanta. Rumbuna na tsaye, baƙin fili ya kewaye su. Yara suna ta tsalle suna tsintar fara gasassa.

Da safe muna ɗaura kaya, na ga jakar ba ta wuyan Baba Nomau. Na ce, "Baba, to bana wa zai buɗe dawa?"

Ya ce, "Babu. Ƙanena ya shiga salla, babban ɗana ya bi 'yan mishan. Autana Tanko nike sa rai, shina aikin gini a Kaduna. Ya ce bana zai dawo ya tsaya bayana ran buɗar dawa, ya ga yadda ake yi. Ba a koyonta da baki, sai an gani."

 Malam Isiyaku ya kama hannunsa ya riƙe. Inna Kande ta zo da ƙullin dawa ta tura mini cikin mota, idonta jawur, ta ce in kai wa uwar 'ya'yana.

Na tada mota sai tsohon ya dafa ƙofa. Ya ce, "Direba, ku masu mota ba inda ba ku zuwa. In hanya ta kai ka Kaduna, ka nemi Tanko na Gidan Nomau wajen masu gini a Kakuri. Ka ce mishi hatsi na nan lafiya, 'ya'yanshi za su ci har wata damina."

Na ce, "Sauran maganar fa, Baba?"

Ya ce, "Sauran ka bar ta nan. Kar ka hana shi zuwa gida."

To kun ji abin da ya kai mu da abin da muka tarar. Mako mai zuwa ofis zai aike ni Kaduna ɗauko taya, kuma har yanzu ban san yadda zan dubi yaron nan in gaya masa rabin magana ba.